Fuloti, Sokawe da Kuɗin Tallafi: Sharhi Kan Tsarin Gari a Funtua da Malumfashi

Duk lokacin da ma'aikatan tsara birane suka shafa jan fenti a katangar wani gida, ko aka ji labarin Bankin Duniya ya amince da wasu miliyoyin daloli don ruwa da tsafta, ko kuma amai da gudawa ya ɓulla a wata unguwa da damina, sai maganganu iri uku su tashi a majalisu. Wasu su ce gwamnati na neman hanyar ƙwace filayen talakawa. Wasu su ce an turo kuɗi a raba wa jama'a an danne. Wasu kuma su ce cutar daga Allah ce, ba ruwan ramin da ke bayan ɗaki. Ana tattauna waɗannan a matsayin batutuwa daban-daban, alhali a garuruwa irin Funtua da Malumfashi abu ɗaya ne: yadda aka yanka fuloti shi ke yanke inda za a haƙa masai, inda aka haƙa masai shi ke yanke lafiyar rijiya, kuma kuɗin da ake kira tallafi yawanci ba ya fitowa sai an nuna cewa an gyara waɗannan biyun.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Tsarin gari shi ne tsara yadda za a yi amfani da ƙasa kafin a gina ta: ina titi zai bi, ina magudanar ruwa, ina makaranta da maƙabarta da kasuwa, kuma wane wuri ne ba za a gina komai ba saboda hanyar ruwa ce. Filin da hukuma ta auna ta fitar masa da taswira shi ake kira awon gwamnati. Wanda mai gona ya yanka da kansa tare da dillalai, ana jan igiya ana kafa turaku, shi ne awon igiya.

Akwai takardu uku da mutane ke ɗauka ɗaya ce. Ta farko takardar ciniki, wadda mai sayarwa da mai saye da shaidu ke sa wa hannu, sau da yawa da hatimin mai unguwa ko dagaci. Wannan shaida ce cewa kuɗi ya canja hannu. Ta biyu takardar shaidar mallaka da gwamna ke bayarwa, wadda aka fi sani da C of O. Ita ke nuna gwamnati ta amince mutum ya riƙe filin na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Ta uku izinin gini, wato amincewar hukumar tsara birane da zanen ginin da za a yi. Mutum na iya riƙe ta biyu ba shi da ta uku, kuma idan ya yi gini a haka ya saɓa doka, ko da filin nasa ne halak malak.

A ɓangaren bayan gida ma akwai ruɗani. Masai ko shadda rami ne guda da ƙazanta ke faɗawa kai tsaye. Abin da jama'a ke kira sokawe, kalmar da aka aro daga Turanci, a ƙa'ida abubuwa biyu ne. Akwai tanki mai rufi da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo, yawanci mai ɗaki biyu, inda kauri ke kwantawa a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halitta su riƙa narkar da abin a hankali. Sai kuma rami na biyu wanda ruwan da ya fito daga tankin ke shiga ya tsotse cikin ƙasa. Wannan na biyun ne ainihin sokawe. A gidaje da yawa magini kan haƙa rami ɗaya ne kawai, ya jera bulo da tazara a tsakani, ya bar ƙasan a buɗe, ya zuba silab a sama, a kira shi sokawe. Wannan masai ne mai ruwa, kuma ya fi masan gargajiya saurin kai ƙazanta ga ruwan ƙasa, domin kowace rana ana tura masa bokitai na ruwa.

Tallafi kuɗi ne da ba a biya. Rance ana biya, ko da mai sauƙin ruwa ne. Za a ga amfanin wannan bambanci a gaba.

Yadda garuruwan suka cika

Funtua ta girma ne a kan auduga da layin dogo da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ga kuma mahaɗar manyan hanyoyi zuwa Sakkwato, Katsina da Zariya. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ta zauna a kan hanyar Funtua zuwa Yashe, tana tsakiyar ƙasar masara da dawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Funtua mutum sama da 225,000, Malumfashi kuma sama da 180,000. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, amma wanda ya san gefen garuruwan ya san gonakin da suka koma unguwanni.

Abubuwa biyu sun ƙara wa wannan girma sauri. Rashin tsaro a Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara ya koro iyalai da dama zuwa manyan garuruwa, kuma wanda ya gudo da iyalinsa ɗaki yake nema yau, ba taswira ba. Sannan buɗe tashar tsandauri ta Funtua a 2024 ya sa masu gonakin bakin hanya sun fara kallon ƙasarsu da idon fuloti. Manomin da ya lissafa abin da hekta ɗaya ke ba shi a shekara bayan tsadar taki, ya kwatanta da abin da zai samu in ya yanka ta gida-gida, ba ya buƙatar dillali ya lallashe shi. Kuma duk taku ɗaya da aka bar wa titi ko kwata, a wurinsa kuɗi ne ya zube. Daga nan ake samun lungun da mota ba ta shiga.

Wa ke da iko a kan me

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashinsa kai tsaye. Sauran karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙo bisa al'ada. Matsalar tana gefen gari, inda gona ke rikiɗa ta zama unguwa: mai sayarwa yana ganin gonar gadonsa ce, hukuma tana ganin wurin ya riga ya shiga da'irar birni.

Dokar tsara birane ta tarayya ta fito a 1992, ta maye gurbin ta zamanin mulkin mallaka ta 1946. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka a Katsina, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha, wato URPB, ita ce ke da alhakin izinin gini da hana gini ba bisa ƙa'ida ba. A ƴan shekarun nan kuma an kafa KATGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta.

Tsafta kuwa wani gida ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa samar da bandakunan jama'a da kwashe ƙazanta da shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Duba-gari, wato jami'an lafiyar muhalli, su ne idon ƙaramar hukuma a wannan fage. A matakin jiha akwai hukumar kare muhalli SEPA da hukumar ruwa da tsaftar karkara RUWASSA, a tarayya kuma akwai NESREA da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009. Hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu za ta tsaya a bakin rami kafin a rufe shi. Mai duba zane yana ofis yana kallon takarda, duba-gari kuma ba ya zuwa sai maƙwabci ya kai ƙarar wari, lokacin da silab ya shekara biyar a kai.

Lissafin da fuloti ɗaya ba zai iya ɗauka ba

Shawarar da masana lafiyar jama'a suka fi bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Wasu ƙa'idoji sukan sassauta zuwa mita 15 idan ƙasar mai laushi ce da ke tace ruwa sosai.

Yanzu a auna wannan da fulotin da aka saba. Ƙafa 50 a kan ƙafa 100 daidai yake da kusan mita 15 a kan mita 30. Ke nan mai cikakken fuloti, in ya sa rijiya a ƙuryar gaba ya sa sokawe a ƙuryar baya, da ƙyar ya cika tazarar. Amma ƙuryar bayansa ita ce jikin katangar maƙwabcinsa, wanda wataƙila a nan ya haƙa tasa rijiyar. A awon igiya kuwa, inda ake sayar da rabin fuloti, ƙafa 50 a kan 50 ko ƙasa da haka, babu yadda za a juya zanen tazarar ta fita. Maigida na iya zama mai tsafta, mai bin doka, mai niyyar kirki, amma lissafin ya fi ƙarfinsa tun ranar da aka ja igiya.

Yanayin ƙasar yankin ya ƙara tsananta abin. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwan sama, kusan milimita 1,000 a shekara a wajen Funtua. Ƙasar tana zaune a kan tsohon dutse, ruwan rijiya kuma yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Da rani rijiya kan yi nisa. A watan Agusta ruwan kan taso kusa, a wuraren fadama har ya haɗu da gindin masai. Ruwan da ya bi tsagar dutse kuma ba ya samun tacewar da yashi ko laka ke yi, yana iya tafiya mai nisa da ƙwayoyin cutarsa. Shi ya sa ruwa mai haske, marar wari, ba hujja ba ce ta tsafta. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira ba idan ba a toshe wuyanta da siminti yadda ya kamata ba.

A 2021 Najeriya ta ga ɓarkewar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa: mutum sama da 100,000 ake zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Taifot da gudawar yara ba sa shiga labarai, amma hanyarsu ɗaya ce.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne maganin ba na gida ɗaya ba ne. Ko dai unguwa ta daidaita: duk ramuka a layi ɗaya ta gefen titi, rijiyoyi a nesa, ko kuma a daina shan ruwan rijiyar cikin gida, a kawo famfo daga madatsu irin Mairuwa da Gwaigwaye ko dam ɗin Malumfashi, a bar rijiya ga wanki. Dukansu biyu aikin tsarin gari ne.

Me ake dubawa in za a duba

Duba mai amfani sau biyu ne. Na farko kafin a rufe rami: a ga nisansa da rijiyar gidan da ta maƙwabta, a ga zurfinsa, a tabbatar an shafe tankin ciki da ƙasa, akwai bango mai raba ɗakuna biyu, akwai bututun fitar da iska, akwai murfin da za a iya buɗewa, kuma motar yasa za ta iya isowa kusa. Wannan aikin bai wuce na ɗan lokaci kaɗan ba, kuma gyara a wannan mataki kuɗinsa buhunan siminti ne kawai.

Na biyu bayan an fara amfani. Tanki yakan buƙaci yasa duk bayan shekara biyu zuwa biyar, gwargwadon girmansa da yawan mutanen gida. Maigidan da ke alfahari cewa sokawensa ya shekara goma sha biyar bai cika ba, ya kamata ya tambayi kansa ina abin yake tafiya. Wani abin dubawa shi ne bututun da wasu ke haɗawa a ɓoye daga rami zuwa kwatar titi, a buɗe shi da dare idan ana ruwan sama.

Sai maganar da ba a cika son yi ba: ina ake kai abin da aka yashe? Inda mota ba ta shiga lungu, mutane ne ke shiga rami da bokiti, kuma iskar da ke taruwa a ciki tana kashe mutum cikin mintuna. An sha jin wanda ya shiga ceton ɗan'uwansa shi ma bai fito ba. Abin da aka kwaso kuma yakan ƙare a kududdufi, ko rafi, ko gona. A ƙasar noma irin wannan, manomi na maraba da shi a matsayin taki, kuma ba laifi ba ne a ce yana da amfani ga ƙasa. Haɗarin yana cikin zuba shi ɗanye, musamman kusa da fadamar da ake noman tumatir da latas da rani. In an shanya shi a wuri keɓantacce na tsawon watanni har ya bushe ya ruɓe, yawancin ƙwayoyin cutar kan mutu. Wannan na buƙatar fili da aka ware a bayan gari, kuma filin ba zai samu ba in ba a sa shi cikin taswira ba kafin dillalai su isa wurin.

Kuɗin da ake kira tallafi

Yankin Funtua ya daɗe da sanin kuɗin Bankin Duniya. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da Gombe. Rance ne, ya gina hanyoyin karkara da ƙananan madatsu da cibiyoyin taki. Abin da ya biyo bayan ƙarewarsa ya nuna cewa mai ba da rance yana gina abu ne, kula da shi kuwa na mai gida ne.

Na yanzu ma haka suke. A 2021 bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ruwa da tsafta mai suna SURWASH, wanda jihohi bakwai suka fara shiga: Katsina, Kaduna, Gombe, Filato, Ekiti, Delta da Imo. A wannan shekarar kuma ya amince da wata dala miliyan 700 don ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da magance zaizaya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Dukansu rance ne mai sauƙi da ƙasa za ta biya. SURWASH kuma yana da sharaɗi na musamman: mafi yawan kuɗin ba a sakinsa sai jiha ta yi aikin, wani mai tantancewa mai zaman kansa ya zo ya ƙirga gidajen da suka samu ruwa da makarantu da asibitocin da suka samu bandaki mai aiki. Jihar da ba ta fara kashe nata ba, ba ta da abin karɓa.

Akwai wanda ya zo wa jihohi a matsayin tallafi na gaske, kamar SFTAS da aka fara a 2018, inda tarayya ta ci bashin ta riƙa ba jihohi kyauta idan sun cika sharuɗɗan gaskiya a kasafi. Cikin sharuɗɗan da aka ƙara daga baya har da tattara bayanan gidajen birane. Wannan na daga dalilan da suka sa jihohi da dama suka tashi tsaye kan rajistar filaye. Akwai kuma Asusun Muhalli na tarayya da aka kafa a 1981 don ambaliya da zaizaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tsara don a raba wa magidanta kuɗi a hannu su haƙa sokawe. Tsarin da Najeriya ta bi wajen yaƙi da bahaya a fili, wanda ya kai ga dokar shugaban ƙasa mai lamba 009 a 2019 da kuma ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta kuɓuta, ya ginu ne a kan cewa kowane gida zai gina nasa masai da kuɗinsa. Bakori, maƙwabciyar Funtua, tana cikin ƙananan hukumomin farko a ƙasar da suka samu wannan shaida. Nasara ce, sai dai ta haifar da tambaya ta gaba: dubban ramukan da aka haƙa, wa zai yashe su, kuma ina za a kai?

Game da diyya kuma, dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Ayyukan Bankin Duniya sukan nemi a tallafa wa duk wanda aiki ya tasa, ko ba shi da takarda, amma galibi daga aljihun jiha ake biya. Unguwar da gidaje suka hau hanyar ruwa takan jinkirta aikin magudana ko ta sa a karkatar da shi wani wuri.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ma'aikatan tsara birane suna cewa doka a fili take, kuma duk sassaucin da aka yi yau rusau ne na gobe. Magidanta suna amsawa da cewa awon gwamnati ba ya isa, wanda ya fito kuma masu hali ke samu, ga zirga-zirgar neman izini da kuɗin mai zane. Talaka bai ƙi doka ba, ƙofarta ce ta yi masa nisa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ba ta fitar da fuloti mai araha ba, ba ta da bakin mamakin awon igiya.

Wasu masana suna ganin a daina yaƙi da awon igiya, a shiga cikinsa: mai gona ya yanka, amma sai safiyon hukuma ya tsayar da faɗin titi da hanyar ruwa da mafi ƙanƙantar fuloti, hakimi da dagaci kuma kada su sa hatimi sai sun ga wannan amincewa. Masu suka suna tsoron kada hakan ya zama wata sabuwar tashar karɓar na goro. Tsoron yana da tushe, kuma shi ne dai tsoron da ake yi wa dawo da duba-gari. Dattawa suna tuna zamanin da jin zuwansa ke sa a share tsakar gida a wanke randa. Suna kuma tuna wanda tara ce kawai ke kawo shi. Abin da ke rage wannan shi ne a kafe jerin abin da ake dubawa da kuɗinsa a bainar jama'a, a biya ta banki, a ba da rasit.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa muhawarar zafi. In kuɗin ya iso hannunsu yadda hukuncin ya ce, uzurin rashin ɗaukar duba-gari da sayen motar yasa zai ragu ƙwarai.

Abin da ke gaba

In aka ci gaba a haka, unguwannin gefen Funtua da Malumfashi za su cika kafin titi da famfo su iso, kuma kowane aiki na gaba zai fara ne da rusau da rigimar diyya. Kuɗin da ake biya bisa sakamako zai fi karkata ga wuraren da aiki ke da sauƙin yi da sauƙin ƙirgawa. Magidanta kuma za su ci gaba da biyan kuɗin a kantin magani da wajen ƴan garuwa.

Tsofaffin unguwanni sai dai a lallaɓa: famfo, yasa a kan lokaci, toshe bututun da ke zuba a kwata. Amma gonakin da ake yankawa a bana ba su riga sun lalace ba. Ya kamata URPB da ƙananan hukumomin biyu su haɗa izinin gini da duban rami a takarda ɗaya mai araha, su ware filin zubar da abin da aka yashe, su kuma zauna da Sarkin Maska, hakimin Funtua, da Galadiman Katsina kan sharaɗin sa hatimi a cinikin fuloti. Mai shirin gini kuma, kafin ya kira mai haƙa, ya leƙa ya tambayi maƙwabtansa uku inda rijiyoyinsu suke.